Kwana Uku Ban Ji Waƙarku Ba

Maƙwabcina Alhaji ne ya jawo wannan magana, shi kuwa bai san ya jawo ta ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ta ƙasa, wadda damina ke ci mu kuma muna yaɓewa tare duk shekara. Wata safiya cikin watan Yuli na fito da fartanya a kafaɗa, shi kuma yana dawowa daga masallaci da carbi a hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Har na ɗaga ƙafa sai ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Kwana uku ke nan ban ji waƙarku ta asuba ba. Har na ce wa mai ɗakina ta leƙa, ko jikin Gwaggo ne ya motsa."

Na ce masa lafiya lau, aikin gona ne ya sha kanmu, ciyawa ta taso wa gero gaba ɗaya. Ya ce, "To madalla. Allah ya ba mu damina mai albarka." Ya shige gida. Ni kuwa har na isa gona maganar tana cina. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba ya ƙirga kwanakin da muka yi ba mu durƙusa gaban Ubangiji ba, mu da abin ya shafa ko lura ba mu yi ba.

Mu masu bin Almasihu a wannan yanki na Ajingi da Gaya ba mu da yawa. Kana iya ratsa Toranke da Balare da Gafasa, ka faɗa hanyar Gaya, masallatai kake gani dama da hagu kafin idonka ya faɗa kan majami'a guda. Hausawa ne mu gaba da baya, ba mu da wani harshe, ba mu da wani gari da za mu ce can ne gida. Kakanninmu Maguzawa ne, manoma masu manyan rumbuna. In mun shiga birni aka ji sunanmu aka ji Hausar bakinmu, akan tsaya a sake dubanmu. A nan ƙauye kuwa kowa ya san kowa. Tare muke gayya, tare muke zaman makoki, su aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti. Saboda ƙarancinmu ɗin nan, duk abin da ɗayanmu ya yi, ba a cewa wane ya yi, sai a ce Kiristan nan sun yi. Shi ya sa abin da ke gudana a tsakar gidajenmu da asuba ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin abu.

Ladan ne agogonmu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙarfen da muke bugawa na kiran sujada tsohon wilin mota ne rataye a reshen darbejiya, sai Lahadi da ranakun taron addu'a ake taɓa shi. Sauran kwanakin, kiran assalatu ne ke ta da mu. Da an yi kiran farko uwargida za ta motsa, ta hura wuta, ta ɗora ruwa. Ni in bi ɗakuna ina ƙwanƙwasawa. Da bazara a tsakar gida muke shimfiɗa tabarma, taurari na nan ba su ɓace ba. Da hunturu kuwa ɗakin Gwaggo muke cunkushewa, kaskon wuta a tsakiya, yara a ƙudundune cikin zannuwa, sai idanu. A dā fitilar ƙwai ce, gilashinta ya yi baƙi da hayaƙi, yanzu 'yar fitila ce mai cajin rana wadda ake shanyawa kan rufin akurki.

Tsarin bai canza ba tun ina yaro. Wani ya kira lamba daga Littafin Waƙoƙi, mu rera baiti biyu ko uku, murya ƙasa-ƙasa don maƙwabta suna salla. Sai yaron da layi ya zo kansa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta wurin da aka tsara wa ranar. In ya yi tuntuɓe a kalma, yayarsa ta ɗago shi. Sai in karanta bayanin ranar daga Abincin Yini, ɗan littafin nan na ikilisiyar ECWA mai karatun kowace rana ta shekara, in tambayi yara abin da suka ji. Sai addu'a. A nan ne ake jin abin da ke zuciyar gida: mai jarrabawa ya faɗa, mai ciwon haƙori ya faɗa, a ambaci ɗanmu da ke cin rani, a ambaci ruwan sama, a ambaci dagaci da hakimi da Sarkin Gaya da masu mulkin ƙasa, a ambaci maƙwabcin da matarsa ke kan gwiwa. Mu rufe da Addu'ar Ubangiji baki ɗaya. Duka-duka bai fi minti ashirin ba. Kafin koko ya huce an gama, an kwance awaki, 'yan mata sun ɗauki bokitai sun nufi famfon tuƙa-tuƙa.

Minti ashirin ɗin nan ne muka kasa ba Allah har kwana uku.

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna zaune gindin darbejiya ana ƙirga baiko, sai na kawo maganar Alhaji. Na ɗauka ni kaɗai ne. Ashe na taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Wani ɗan'uwa ya ce, "Kai kwana uku ka yi? Mu tun ruwan shuka rabonmu." Wani ya ce su suna yi, amma a tsaye, fartanya a hannu, wanda bai gama sa takalmi ba ya ce amin daga zaure. Hira ta ɓarke, kowa na faɗin yadda muke.

Mu fa haka muke. Watan Janairu kowa da zafinsa. An sha wa'azin daren shiga sabuwar shekara, an yi alkawari, an sayi sabon Abincin Yini an naɗe shi da leda. Bana sai na karance Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Farawa tana tafiya kamar ruwa, don labarin Ibrahim da Yakubu da Yusufu ya fi tatsuniya daɗi, yara ma ba sa gyangyaɗi. Fitowa ma haka, ga Fir'auna ga Bahar Maliya. Da an shiga Littafin Firistoci, aka fara hadayu da ƙa'idodin tsarki, sai ƙafa ta fara nauyi. Kafin a kai Ista rabinmu sun tsaya. Ragowar kuma ruwan farko ne ke kwashe su. Littafin ya koma saman akwati, ƙura ta hau, wani gidan har gara ta ɗanɗana. Sai kaka ta yi, an ɗaure dammuna, an kai baikon godiya gaban majami'a, sannan a tuna a kakkaɓe shi.

Matar mai bishararmu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Baba, ku yi mini haƙuri in faɗi gaskiya. Ku maza ne kuke fara ajiyewa. Mu da muke tashi kafin ku, mu kwanta bayanku, ba mu fasa ba." Ba wanda ya musa mata. Duk wanda ya san ikilisiyoyin ƙasar Hausa ya san Zumuntar Mata ce ƙashin bayansu. Su ne ke haddace ayoyi suna daka, su ne ke zagaya marasa lafiya, su ne ke tara gero tiya-tiya don gwauraye da marayu. In ka ji tulu da kacau-kacau na tashi da yammacin ranar taronsu, to ko ana malka sai sun hallara. A gidaje da dama da na sani, in maigida ya yi tafiya addu'ar safe ba ta tsayawa, amma in uwargida ta tafi wankan jego gidan 'yarta, shi ke nan sai ta dawo. Wannan abin kunya ne gare mu maza, kuma na faɗa a gabansu. Mutum ya iya tsayawa gaban jama'a ran Lahadi ya yi doguwar addu'a da babbar riga, amma 'ya'yansa ba su taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa cikin gida ba, me yake koya musu?

Babban dattijonmu, wanda ya haura tamanin kuma har yanzu yana zuwa gona, ya bari kowa ya gama sannan ya gyara zama. Ya ce, "Ku manoma ne, kun san wuta-wuta. Ranar da kuka ga furenta ja a gonar dawa, ranar ta fara ɓarna?" Muka ce a'a, Baba. Ya ce, "Tun tana ƙarƙashin ƙasa ta kama saiwa tana tsotsa. Kafin ta fito ido ya gani, dawa ta riga ta tsumbure. To haka sanyin zuciya yake. Ranar da kuka ji wane ya koma shan giya, ko ya saki matarsa, ko ya daina zuwa sujada, ba ranar abin ya fara ba. Ya fara ne tun safiyar da ya ce yau dai a bari sai gobe." Ya ƙara da cewa ba a noman firi a ce an gama, sai an koma maimai, kuma wanda ya ce Lahadi kaɗai ta ishe shi, ya gwada cin tuwo ran Lahadi kaɗai ya gani.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ta tashi a gidan da ake yanka wa kan gida baƙin bunsuru, ana dafa giya a manyan tukwane. Tana da 'ya'ya huɗu lokacin da ta fara koyon a, ba, ca, a ajin baftisma, wurin wani mai bishara da ke zuwa da keke. A ƙasa take rubutu da tsinke, goyo a baya. Ba don ta karanta wasiƙa ko takardar asibiti ta koya ba. So take ta ga maganar Yesu da idonta, kada kullum sai an faɗa mata. Littafinta na nan naɗe cikin tsohon ɗankwali, tsohuwar fassara ce, irin wadda aka fara bugawa a 1932. Bangon ya rabu, ta ɗinke shi da zaren lilo. Jikokinta in sun buɗe sukan yi turus, don rubutun zamanin dā ne, inda muke rubuta "cikin" su "chikin" suka sa, Matiyu kuma Matta ne, Yahaya Yohanna. Mu mun saba da sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980, amma Gwaggo ta ce ita da tsohuwar ta san Ubangijinta, da ita za ta ƙarasa.

Shekarun baya yanar ido ta rufe mata gani. Abin da ya dame ta ba tsintar tsakuwa a shinkafa ba ne, karatunta ne. Muka ɗauke ta a mota ta Gaya, muka haye gadar Wudil, har Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda ke aiki tun 1943. Aka cire yanar, aka ba ta tabarau. Ranar da aka kwance bandeji muka dawo gida, kafin ta sha ruwa ta ce a miƙo mata ɗankwalin nan. Ta buɗe Zabura, ta sa yatsa, ta bi layi ɗaya a hankali har ƙarshe, sai hawaye. Yaran da ke tsaye a kanta a ranar ba sa bukatar wani ya yi musu wa'azi a kan darajar Maganar Allah.

Littafin nan kuwa bai zo hannunmu da sauƙi ba, ya kamata 'ya'yanmu su sani. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, ya shafe shekaru yana aikin juya Littafi zuwa Hausa tare da Hausawan da suka taimake shi, kafin a samu cikakkensa a 1932. Tun kafin wannan ma akwai labarin Isawa. Wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya dage da bincike a kan Annabi Isa, ya tara almajirai, aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi, wajen 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, kudu da mu. Suka riƙe ɗan abin da suka sani shekara da shekaru, ba Linjila a hannunsu, ba mai koya musu. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Miller a Zariya. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, daga baya aikin mishan ya koma Wusasa a 1929. Mutanen nan sun yi kusan shekara hamsin suna jiran littafin da ni nake da kwafi uku nasa a ɗaki. In na tuna haka, ba na iya cewa ciyawa ce ta hana ni buɗe shi.

Mahaifina ma yana da tasa hanyar. Bai iya karatu sosai ba, amma yana da rediyo. Da dare yakan ja eriya ya yi ta murɗawa har ya kamo ELWA, tashar da mishan ɗin SIM ta buɗe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, mai watsa shirye-shirye da Hausa. Murya na zuwa tana ɓacewa, shi kuwa kunne manne da akwatin, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Da yaƙin Laberiya ya rufe tashar a 1990, ya yi kwanaki kamar an yi masa rasuwa.

Yanzu abin ya zo cikin aljihu. Samarinmu kowa da waya, an loda mata waƙoƙin bishara da Littafi Mai Tsarki na saurare a katin memori. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta saurari Bisharar Luka har ta kusa haddacewa, waya a ɗaure a bakin zani tana tsinkar wake. Ɗana na biyu yana cin rani a Kano, aikin gini, su takwas suke kwana a shago ɗaya, shi kaɗai ne Kirista. Ya ce mini in abokan kwanansa sun fita alwala, shi sai ya zauna kan buhun siminti ya buɗe waya ya karanta wurin da ya san muna karantawa a gida a wannan safiya, tunda kwanan wata ɗaya ne. Ya ce sai ya ji kamar yana kan tabarmar nan tare da mu. Abokan nasa kuma ba su taɓa takura masa ba, har in ya makara wani yakan taɓa ƙafarsa ya ce, "Tashi, lokacin karatunka ya yi."

Amma wayar nan baki biyu gare ta. Yaro ya ɗauka da niyyar karanta aya, saƙo ya shigo, ya leƙa Facebook, kafin ya farga rana ta take. Wasu kuma sun mai da ibada tura hoto: a turo maka addu'a mai furanni, a ce ka rubuta amin ka tura wa mutum goma. Ga masu wa'azin da ba mu san daga inda suke ba, kullum zancensu buɗi da mota da maƙiyan da za su faɗi su mutu. Yaro ya sha irin wannan wata shida, sai ka ga ya fara zargin kakarsa da maita, ya raina mai bishararmu don ba ya tsawa. Ni dai ban ga inda Almasihu ya koya mana mu roƙa wa maƙiyi mutuwa ba, akasin haka ya koyar. Wanda ke karanta Littafin da kansa, sura bayan sura, ba a saurin sayar masa da irin wannan kaya. Shi ya sa a gidana na ce waya ta yi aikinta a gona da kan hanya, amma a kan tabarmar asuba takarda za a buɗe.

In aka tambaye ni ta ina ake gane mutum yana girma cikin bangaskiya, ba na duban yawan ayoyin da ya haddace, ko da yake haddar tana da kyau. Ina duban tiyarsa ran kasuwa, ko ta sayarwa da ta saye ɗaya ce. Ina duban iyakar gonarsa, ko tana matsawa taku ɗaya duk shekara. Ina duban bakinsa in an taka shi. Kuma na ga yadda addu'ar asuba ke aiki a irin waɗannan wurare da idona.

Matata da matar ƙanena, faccaloli ke nan, sun taɓa samun saɓani a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kajin ɗaya suka barbaza shanyar barkonon ɗaya, magana ta jawo magana, har aka tono abin da ya wuce shekara biyar. Kwana biyu ba sa ga maciji. Kowacce ta ɗebi ruwanta, ta hura wutarta, yara ma aka fara janye su. Amma da asuba dole a zauna tabarma ɗaya, don Gwaggo ba ta yarda wani ya yi zamansa a ɗaki. Safiya ta uku muna cikin Addu'ar Ubangiji, mun iso daidai wurin roƙon gafara, inda mai addu'a ke ɗaura gafarar da yake nema da wadda shi yake yi wa wasu, sai Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Ku dakata." Muka yi tsit. Ta ce, "'Ya'yana, ba za mu wuce wurin nan ba yau. Ni tsohuwa ce, ba zan zauna a yi wa Allah ƙarya a ɗakina ba. In ba za ku iya faɗinsa da gaskiya ba, mu tashi haka." Ba ta kira sunan kowa ba. Wuta na ƙara a kasko, zakara na cara a waje. Can sai matar ƙanena, ita ce ƙarama, ta matso ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yafe mini." Matata ta kama hannunta ta ce, "Ni ma ki yafe mini, na faɗi abin da bai kamata ba." Sannan Gwaggo ta ce mu ɗauko daga farko. Da rana na ga su biyun suna surfe a turmi ɗaya. Da a ce sai Lahadi ake haɗuwa gaban Allah, da gabar nan ta yi kwana bakwai tana yin saiwa, kuma a majami'a kowacce za ta iya zama a nata benci ta rera waƙa lafiya lau.

Ba wai muna yi don maƙwabta su ji ba. Yesu kansa ya yi gargaɗi a kan addu'ar ganin ido, kuma Markus ya ba da labarin yadda yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Bayan ta iyali, kowa na bukatar tasa shi kaɗai, ko a gindin tsamiyar gona ne lokacin hutun hantsi. Amma zama cikin Musulmi ya koya mana wani abu da ya kamata mu karɓa hannu biyu. Mutanen nan ba sa cewa yau akwai shuka, a ɗaga asuba. Almajiran tsangaya suna bakin wuta da allunansu tun duhu, cikin hunturun da ke fasa leɓe. Ɗan kasuwa yakan bar ciniki a tsakiya ya shimfiɗa buzu. Mun sha bamban da su a kan abubuwa manya, su sun sani mu mun sani, ba ma ɓoye wa juna. Amma a kan ba Allah lokacinsa, ba mu da bakin cewa ba mu ga misali ba. Mu da muke cewa ba doka ce ke tura mu ba, ƙauna ce, ai bai kamata a ga ƙauna ta fi doka saurin gajiya ba.

A ƙarshen hirarmu ta ran Lahadin nan a gindin darbejiya ba mu yanke wani babban abu ba. Mun dai yarda cewa da damina in lokaci ya ƙure a rage, kada a yanke: baiti ɗaya, aya biyar, addu'a gajeriya. Gidan da asuba ta gagara, a yi bayan tuwon dare kafin yara su ɓingire. Wanda Firistoci ya tsayar da shi ya tsallaka zuwa Markus ko Zabura ko Karin Magana, ya dawo daga baya mai bishara ya bi da shi a hankali, don wurin ma yana da abin koyo in an samu mai buɗe shi. Muka kuma ƙirga gidajen da ba mai iya karatu a cikinsu, muka samu huɗu, aka raba musu yaran Makarantar Lahadi da za su riƙa zuwa suna karanta musu. 'Yata ta uku, mai shekara goma sha biyu, ita aka ba gidan wata gwauruwa a bayan rijiya. Yanzu ita ke riga ni tashi.

Washegari Litinin muka koma tabarma. Da na fito, Alhaji na zaune a dakalinsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yau kam na ji ku. Gwaggo har yanzu muryar na nan." Na ce tana nan, Alhaji. Ya ce in gaishe ta, in ce ta sa jikansa da ke fama da zazzaɓi a addu'a. Mun sa shi a safiyar da ta biyo, da sunansa.

'Yan'uwana iyayen gida na Ajingi da Gaya, da na Garko da Sumaila da duk inda wannan takarda ta kai, roƙona gare ku ne musamman. Gobe in ladan ya kira, kada ku bar wa matanku. Ku tashi da kanku ku ƙwanƙwasa ƙofofin, ku ɗauko Littafin daga saman akwati, ku zauna a ƙasa tare da yaranku. Wanda kuma bai iya karatu ba, kada girma ya hana shi: muna zama gindin darbejiyar majami'a Talata da Alhamis bayan la'asar, allo da alli suna nan, Gwaggo ma takan zo ta taya mu.